Mudun Kubura

Shekara ashirin da takwas yayata Kubura ta yi a duniya, ban taɓa jin ubanta ya kira sunanta ba, ko da a kan kuskure. Ita ce 'yar fari, shi kuwa Bafulatani ne irin na da, waɗanda suke riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In yana son a kira ta sai ya ce da ni, "Bintu, gaya wa waccan." In ta kawo masa abinci sai ya kau da kai ya kama duban katanga, kamar ranar aka gina ta. Muna yara abin yana ba ni haushi matuƙa. Ni da nake 'yar ƙaninsa, wadda ya ɗauko bayan rasuwar mahaifina, ni ake saɓawa a kafaɗa a zaga unguwar Ɗan Iya da ni. Ita kuwa ko alewa ce sai dai ya ba ni biyu ya ce in raba da mutane.

Sunansa Hammajoda. Mu a gida Baffa muke ce masa, a Kasuwar Muda Lawal kuma Sarkin Dako, domin shi ne shugaban masu loda buhuna a ɓangaren hatsi. Dogo ne siriri, in ka gan shi sai ka rantse iska za ta ɗauke shi, amma wuyansa ya yi kauri kamar turmi saboda shekara arba'in na ɗaukar kaya. Ya daina dako tun da gwiwarsa ta fara ƙara, sai dai har yau kullum da safe sai ya ɗauki buhu ɗaya ya kai mota, wai don kada yara su raina shi. Matarsa, wadda muke kira Dada, ta yi faɗan har ta gaji ta koma sayen man zafi.

A ruga aka haife shi, can wajen Darazo. Yana saurayi annobar bushiya ta shafe shanun gidansu, sai ya koma kiwon haya wa wani attajiri. Ladansa ba kuɗi ba ne, maraƙi ɗaya ne duk wata shida, kamar yadda aka saba biyan makiyaya. Daga nan ya bi motar shanu zuwa Legas, ya ga teku, ya ce sai ya ga inda ta ƙare. Bai ga ƙarshenta ba, amma ya tsinci kansa a Abijan yana ɗaukar buhunan koko a tashar jiragen ruwa. A lokacin mahaifina, Hammadu, yana Damagaram yana irin wannan aiki da buhunan wake. Da Baffa ya dawo Bauchi bai zo da komai ba sai akwatin ƙarfe da rediyo da Faransanci guda biyar, uku daga ciki zagi ne. Ya auri Dada, ya shiga kasuwa da gammonsa, bai sake fita ba.

Cikin yaransa na kasuwa akwai Mansir, ƙaƙƙarfan mutum mai yawan dariya, wanda ya iya jera buhuna a tirela ta yi tafiyar kwana biyu ko ɗaya bai goce ba. Shi ya auri yayar tawa, wadda nake kira Adda Kubura. Daga ranar ɗaurin aure shi ma ya shiga sahun waɗanda Baffa ba ya kallo. Surukai ne, kunya ta shiga tsakani. A kasuwa in Baffa yana son Mansir ya hau mota sai ya ɗaga murya ya ce wa sararin Allah, "A samu mai hankali ya hau can." Duk ƙaunar da al'ada ta hana shi nuna wa su biyun sai ya juye ta a kan 'yarsu A'i, wadda yake kira amaryarsa, yana saya mata awara har sai ta ƙoshi ta ƙi tuwo.

Sai shekarun tsada suka zo, bayan an cire tallafin mai. Ba sai na ba mutumin Bauchi labari ba. Abin da ya shafe mu shi ne, a da ɗan dako in ya ɗauki buhu biyar ladansa zai sayi mudun masara. Aka wayi gari sai ya ɗauki goma sha biyu. Kuɗin dako kuwa ba ya motsi sai an zauna da 'yan hatsi, sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Baffa ya je musu tun kafin lokaci, suka ce ya yi haƙuri, babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, jarin da suke juyawa ya yi tsada, ba su da abin ƙarawa. Yaransa suka fara sulalewa, wannan ya yi Legas, wancan Fatakwal, inda aka ce ladan dako ya ninka.

Wata ranar Juma'a Adda Kubura ta zo gida ta gaya wa Dada cewa Mansir ya samu wuri a wata kasuwar kayan abinci a Legas. Ƙarshen wata za su tashi, shi da ita da A'i. Dada ta fashe da kuka. Baffa yana zaune a tabarma yana jin komai. Ya tashi ya ɗauki buta ya yi alwala, alhali bai daɗe da dawowa daga masallaci ba. Da zai iya cewa kada ku tafi, da Mansir ya kwance kayansa a ranar, domin ba ya tsallake maganarsa. Amma uba ya buɗi baki ya nuna yana son 'yar fari kusa da shi? A wurin Baffa gara ya fita titi ba riga.

Ni a lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, can Yelwa, ina karatun tattalin arziki. Malamina ya ɗora mini rubutu a kan shirin nan na ƙasashen Afirka ta Yamma na haɗa kuɗi guda ɗaya, da yadda bambancin aiki da albashi tsakanin ƙasashe zai wahalar da bankin da zai riƙe kuɗin. Wata biyu ina karanta takardun Turawa kaina yana ciwo, ban rubuta shafi uku ba. Ran Asabar ina zaure na baje takardu ina tsaki, Baffa ya tambaye ni abin da ke cina. Na yi masa bayani sama-sama, irin wanda ɗan boko ke yi wa tsoho don a rabu lafiya.

Ya ce, "To, ai wannan ni na yi shi da wuyana."

Na ce, "Baffa, maganar ƙasashe ake yi."

"Ni ma ita nake yi. Sefa fa? Ina Abijan, babanki yana Damagaram, ƙasa biyu, kuɗi ɗaya. Rana ɗaya aka tashi aka ce an karya darajar sefa da rabi. Mu muna da ƙungiya, kuma koko waje ake kai shi, kamfanin ya samu riba. Muka ajiye gammo kwana biyu, aka ƙara mana. Shi babanki ba ƙungiya, in ya ajiye gammo mutum goma ne za su ɗauka. Shinkafa ta tashi, sabulu ya tashi, ladansa yana nan inda yake. Takarda iri ɗaya a aljihuna da nashi, hoto iri ɗaya, ni ina ci sau uku, shi sau ɗaya."

Na ajiye biro na dube shi. Ya ci gaba, ya ce ba sai na tsallaka iyaka ba, in dubi Legas da Bauchi. Can in an rage wa lebura lada sai ya koma gini ko tuƙa keke, dole mai kaya ya ƙara. Nan kuwa da an gama aikin gona ƙauyuka suke zubo majiya ƙarfi, lada ba ya tashi. "Su masu babban banki sun ce kuɗi ya yi yawa a gari yana yawo, sai su matse shi. Ƙila a Legas yana yawo. Nan ina ya je yawon? Ni ban gamu da shi a hanya ba."

Na yi dariya har na ƙware. Na kuma ji kunya, don abin da na kasa fahimta a wata biyu ga shi mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya zube mini shi kafin shayinsa ya huce. Shi kuwa yana ta juya kofin. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Lokacin da nake kiwo ban taɓa tambayar darajar naira ba. Maraƙi dai maraƙi ne." Ya tashi ya sa hula ya fita.

Ran Litinin bayan Azahar ya tara 'yan hatsi a gindin darbejiyar da ke bayan rumfunansu. Ni ma na tari keke daga Yelwa na zo, wai binciken makaranta, amma gaskiya gulma ce ta kawo ni. Shugaban 'yan hatsin shi ne Alhaji Ɗanlarai, gajere mai tumbi, jinin Barebari, saboda haka abokin wasan Baffa ne tun kafin a haife su. Shekara talatin ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Ga bawana ya zo," in ji Alhaji. "Fillo, in nono ka kawo a auna, in kuɗi ka zo nema ka koma daji."

"Babarbare, yau ba kuɗinka nake so ba. Na san ba ka da shi, dama can ba ka taɓa yi ba."

Aka kwashe da dariya. Baffa ya bari ta lafa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. A daina yanke ladan dako da naira, a yanke shi da mudu. Duk buhu takwas, mudun masara ɗaya. Mai so ya karɓi tsabarsa, mai so ya karɓi kuɗin mudu na safiyar ranar. "Kun ce kuɗi ya yi muku wuya. Hatsi kuwa ga shi nan a sito har rufi."

Wani ya ce in yaran Sarki sun tafi ai ga 'yan ƙauye nan. Baffa ya juya ya kalli Alhaji. Alhaji ya sosa ƙeya, don makon da ya wuce sababbin hannu ne suka loda masa tirela, suka yini a kanta, buhu tara suka fashe, kuma kafin a fita gari kayan ya karkace sai da aka sauke aka sake.

Alhaji ya ce, "To, in kaka ta zo masara ta faɗi fa? Ladan yaranka zai faɗi, su zo su cinye ni ɗanye."

"In masara ta faɗi tuwo ma ya faɗi. Ɗan dako ba naira yake ci ba. Kai kuwa ko an dafa ka ba mai ci."

Sai da aka kai La'asar ana ja, aka tashi aka yi salla, aka dawo aka ci gaba. Daga ƙarshe aka amince a gwada wata uku, aka yi fatiha aka shafa. Baffa ya dawo gida yana tafe kamar saurayi.

Washegari kasuwa ta kusa kamawa da wuta. Manyan mutane, masu furfura, sun yini suna maganar mudu, ba wanda ya ce wane mudu. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san ɗan kasuwa mudu biyu gare shi, babba na saye a hannun manomi, da ƙarami na sayarwa. Da lokacin biya ya yi, kowane mai rumfa ya lalubo ƙaramin, har da wani da gindinsa ya lotsa ciki kamar an taka shi. 'Yan dako kuma ba su zo da wasa ba. Wani ya aika gida aka kawo masa wani ƙaton kwano da matarsa ke wanke-wanke a ciki, ya rantse mudu ne. Ga kuma rigimar ko a shafe baki ko a cika ya yi tsororo. Mansir, wanda dama ƙafarsa ɗaya tana Legas, ya yar da gammo ya ce ai ya san za a rina. Na ga fuskar Baffa a lokacin, ban taɓa ganin tsoro a cikinta ba sai ranar.

Wadda ta kashe wutar ita ce Liatu, wata dattijuwa mai awo a bakin layin, wadda duk kasuwar ta san ba a neman ragi a wurinta, kuma ba ta taɓa tauye awo ba. Ta taso tana ɗaure zani ta shiga tsakiyar maza.

"Baba Sarki, Alhaji, ku ba ku jin kunya? Manya da ku kuna faɗa a kan kwano? Ga nawa. Shekara goma sha biyar da shi nake saye, da shi nake sayarwa. Wanda bai yarda da shi ba ya faɗa a gabana."

Ba wanda ya faɗa. Aka huda bakin mudun Liatu aka sa igiya, aka kafa ƙusa a ginshiƙin rumfar da ke tsakiyar layi aka rataye shi. Aka yanke cewa a cika shi da tsororo amma ba a tare da hannu, kuma farashin da Liatu ta faɗa da safe shi ne na ranar. Alhaji ya saya mata sabon mudu, bayan ya yi ƙoƙarin a raba kuɗin da Baffa bai yi nasara ba.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Adda Kubura ta riga ta sayar da awakinta biyu, ta ɗaure tukwane a buhu. Kullum da yamma Mansir yana komawa gida da masara a ƙullin rawaninsa na aiki, wani lokaci mudu uku, wani lokaci biyu da kuɗin ɗaya a aljihu. Adda ta kira matar wani abokin Mansir da ke Legas, ta tambaye ta kuɗin ɗaki da na ruwa da na garin tuwo, ta kashe waya ta kama lissafi. Baffa bai tambayi kowa komai ba. Amma abinci ya daina shiga masa, kuma kullum sai ya ce da ni, "Wane labari a gari?" alhali ya fi ni sanin garin.

Ana saura kwana biyu, bayan La'asar, Mansir ya yi sallama. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai. Da ni ya yi magana, ko da yake Baffa yana zaune taku uku daga inda yake.

"Bintu, a gaya wa Baffa na fasa tafiyar. Naira ta can ta fi yawa, amma mun auna, tuwon nan ya fi kauri."

Na juya na ce, "Baffa, wai ya fasa."

Baffa yana duban katangarsa. Ya ce, "To. Gobe mota uku ke jira, a gaya wa mutane su fito da wuri."

Da Mansir ya fita, Baffa ya miƙe ya shiga cikin gida ya ɗauki A'i ya cilla ta sama har sau uku, gwiwar da ke ciwo ya manta da ita. Ya ce wa Dada yunwa yake ji, a kawo duk abin da ke akwai. Dada tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba, don daɗin da na ji ranar ko takardar digirina ba ta ba ni irinsa ba.

Rubutuna na gama shi a mako uku. Malamina ya ce misalin mudun ya burge shi, ya tambayi littafin da na samo shi. Na ce masa littafin yana Muda Lawal, yana da ciwon gwiwa. Kaka ta zo, masara ta sauka, lada ya sauka da ita, yara suka yi gunaguni na kwana biyu suka bari, don tukunya ba ta ragu ba. Wata ukun gwaji ya wuce ba wanda ya tuna a sake zama. Mutum huɗu cikin waɗanda suka tafi kudu sun dawo.

Alhaji Ɗanlarai kuwa ashe duk ya gane. Shekara talatin yana tsokanar mutum, ya san inda zuciyarsa take. Wata safiya ya kira mai fenti, aka sauko da mudun daga ƙusa, aka rubuta masa suna da jan fenti. Ya tara jama'a ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, kada wani ya ruɗe ku da maganar tsada. Wannan Bafillacen ya juya kasuwa guda ƙasa da sama don kawai ya kasa cewa 'yarsa kada ta tafi Legas. Daga yau sunan wannan kwano mudun Kubura."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Baffa ya ja hula ya rufe ido, ya ce Babarbare ba shi da kunya tun asali, ya juya ya shige bayan tirela. Amma sunan ya zauna. Yanzu tun daga safe har a tashi, abin da ake ji a layin hatsi ke nan. Nawa Kubura yau? A sauko da Kubura. Wa ya ɗauki Kubura bai mayar ba?

Shi har yau "wancan kwanon" yake cewa. Sai dai bencin da ya shekara ashirin yana zama a kai a bakin ƙofar layi, ya sa an ɗauko masa shi an dawo da shi gindin ginshiƙin, wai can rana ta yi masa yawa. Rannan na kai Adda Kubura kasuwa, muka tsaya daga nesa. Yana zaune a ƙarƙashin mudun yana jan carbi, ana ta kiran sunanta ta kowane gefe, kuma duk kiran da aka yi sai gefen bakinsa ya motsa. Adda ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kama hannuna ta ce, "Mu tafi, Bintu, kada ya gan ni ya daina."